Hamadar Mai-Awo

Tifa biyu ta yashi da ta duwatsu ɗaya aka juye a bayan gidan Mai-Awo, daidai inda matarsa ta shekara ashirin tana shuka tumatir da alayyafo. Mutumin ya yi ritaya, ya ga hoton wani lambu mai kama da hamada a waya, shi ke nan abin ya shiga ransa. Ya ce shi ma sai ya yi nasa, wanda duk wanda ya leƙo zai rantse haka Allah ya halicci wurin.

Matsalar ɗaya ce. Shekara talatin da biyar yana awon filaye, hannunsa bai san karkatacce ba. Ya ɗauko tef da igiya ya kafa turaku, ya jera duwatsun kowanne taku huɗu tsakaninsa da ɗan uwansa. Murtsunguwa kuwa, wannan tsiro mai ƙaya da bai damu da ruwa ba, ya dasa ta sahu-sahu daga doguwa zuwa gajera.

'Yar ƙanwarsa, wadda tsara lambuna ne sana'arta, ta zo gani. Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta dafa bango.

"Kawu, wannan ai ba hamada ba ce, faretin sojoji ne."

Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Nan take, a gaban matarsa, ya ɗaga yatsa ya yi alkawari: a ba shi sati uku. In ta dawo ta sake yin dariya, zai kwashe komai da baro, ya mayar wa mai tumatir filinta.

"Allah ya ba da sa'a, Maigida," in ji matar, da murmushinta mai sanyi.

Kwana biyu yana fama. Ya ɗaga dutse ya ce bari ya jefar da shi ko'ina, sai ya tarar hannu ya ajiye shi daidai kan layi. Mai hali ba ya fasa halinsa. Matar kam ta tausaya masa. Da rana ta take, sai ta kawo masa ruwan sanyi, ta lallaɓa shi ya je ya miƙe, ta rufe masa taga ta saki labule don kada hayaniya ta dame shi.

Rana ta uku ya farka da yamma, ya tarar wani dutse ya kwanta a gefensa, rabinsa cikin yashi. Ya ruga zai gyara, sai ya tsaya cak. Ya ja da baya, ya karkata kai. Kai! Ai ya fi kyau a haka.

Washegari wani tudun yashi da ya sassaƙe sumul ya zube ta gefe guda, tsakuwa ta gangaro ta yi wata 'yar hanya kamar inda ruwa ya taɓa bi. Bayan kwana biyu kuma murtsunguwa uku suka bar sahu suka koma gindin babban dutse a cunkushe, ɗaya ma a jingine. Wannan kam ya ɗan ɗaure masa kai, amma ya tuna shekaru sun ja, wataƙila shi ya dasa su can ya manta.

Ya shiga kicin da gudu yana haki.

"Kin gani? Wurin ya fara zama da kansa! Ƙasa tana motsi, iska tana aikinta. Ni dai na aza tushe ne kawai."

"Kana nufin ya yi maka kyau a haka?" Ta juyo a hankali, tana dafe da ƙugu, don kwanakin nan ciwon baya ya matsa mata.

"Kyau? Ai gobe ma sai ya fi haka!"

Ya kuwa fi. Kullum abin ƙara hargitsewa yake, kullum Mai-Awo ƙara rawar kai yake. Dattijo da furfurarsa ya koma yin tsalle daga dutse zuwa dutse yana waƙa. Ya jefa tef cikin akwati. Ya tare mai gyaran famfo da mai kawo wasiƙa ya yi musu lacca kan sirrin hamada. Barcin rana kuwa ba ya wasa da shi, ya ce a nan basira take sauko masa.

Ranar alkawari 'yar ƙanwar ta zo da dariyarta a shirye. Ta zagaya sau ɗaya, ta sake zagayawa, dariyar ba ta fito ba. Ta durƙusa ta duba yadda duwatsun suka nutse, babu biyu da suka kalli gefe guda.

"Kawu, na janye maganata. Shekara goma ina wannan aiki ban iya haka ba. Kada a taɓa ko tsakuwa ɗaya, har abada."

Mai-Awo ya cire hula ya wurga sama, ya yi juyi biyu, ya nufi matarsa baki har kunne don ta taya shi murna. Ya same ta zaune daɓas a kan dutse, ta zuba tagumi, dariya da hawaye sun haɗe mata.

"Anti, lafiya?" in ji yarinyar.

"Ina fa lafiya, 'yar nan. Kusan sati uku, kullum ya kwanta sai na fito na yi ta ɓata wurin nan da iya ƙarfina don ki zo ki kushe shi."