Taki a Gonar da Aka Karɓe

Ina aji uku lokacin da na raka Baba kai taki gonarmu ta hanyar Bakori. Da la'asar ne, muna kora jaki da mangala cike. Muka tarar masu awo sun kafa turakan siminti tsakanin kunyoyi, an yanka gonar fulotai.

Baba ya juye takin, ya shiga baje shi da ƙafa.

Na ce, "Baba, ba an karɓe ta ba?"

Ya ce, "Tun kakanka take ciyar da mu. Ba zan sallame ta da yunwa ba."

Yau shaguna ne a wurin. Har yanzu ba na iya sayayya a cikinsu, don na san takin Baba na ƙarƙashin daɓen, bai ciyar da kowa ba.