Rawar Hannun Tuuli

"Zaɓi ɗaya mana, sarauniyar ruwan ido," in ji Jarkko, mijin Tuuli kuma mai horar da ita. Ya turo akwatunan ƙananan bindigogin gasa biyu kan teburin filin harbi. "Ta Jamus ba ta gardama. Ta Italiya kuwa, ko numfashi ya taɓa kunamarta sai ta tashi."

Tun da santsin ƙanƙara ya kayar da ita hannunta na dama ke rawa, ta ɓoye wa kowa. Gasar ƙasa ta ƙarato, da hannu ɗaya kuma ake harbi. Tana ɗaga bindiga asirinta zai tonu, ya cire ta daga tawaga.

"Bari sai gobe."

"Jiya ma goben kika ce. Buɗe."

Ta buɗe, ta kama mariƙin bindiga ta farko da hannun dama, ya ƙi zama a tafinta. Na biyun ma haka. Ta ƙura musu ido. Dukansu don hannun hagu aka sassaƙa su.

Hawaye ya zubo mata. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun da rabin kofin da kike kawo mini ya koma zubewa a faranti. Miƙo hagun, masoyiya, mu fara daga farko."