Gashin Bakin Mang Ambo

Mang Ambo ya ɗago kai daga ruwa, gashin bakinsa na ɗiga kamar jiƙaƙƙiyar tsintsiya. Ya kama gorar gefen kwalekwalen yana haki.

"Ka samu?" in ji matarsa, Aling Luding, idonta a kan waya.

"Wani kifi dai ya same ni. Duba yatsana."

Tun da ya bar aikin koyarwa, wasa ɗaya ya shiga ran Ambo. Wani zai ɓoye 'yar robar abinci a wani lungu, ya sa lambobin taswirar wurin a intanet, masu nema su bi da waya. Wanda ya gano sai ya ɗauki hoto da ita, ya mayar inda take. Duk tsibiran Coron babu robar da ta gagare shi sai wannan sabuwa, wadda wani mai kiran kansa Ƙaguwa ya ce ya maƙale a jikin jirgin yaƙin Japan da aka nutsar tun zamanin kakanni, wanda ƙarshensa kan leƙo idan ruwa ya janye.

Luding ce ke tuƙa kwalekwalen. Ba ta taɓa ƙin zuwa ba, har da gudu take dafa shinkafa da soyayyiyar ayaba.

Shi kuwa Ƙaguwa ba shi da ta-ido. Ranar farko, jikin Ambo bai gama bushewa ba sai ga saƙo a dandalin 'yan wasan: "An ga wani tsoho da jan gajeren wando yana kewaya jirgi kamar kunkurun da ya manta gida."

Ambo ya waiga gabas, ya waiga yamma. Babu kowa sai masunta can nesa. Nan take ya yanke cewa Berting ne, mai askin da shagonsa ke kallon bakin ruwa. Ya daina gaishe shi.

Sai Ƙaguwa ya ƙara wuta. Ya rubuta cewa idan Ambo ya gano robar kafin bikin gari, zai fito ya durƙusa masa a tsakiyar kasuwa. Idan kuma ya kasa, ya aske gashin bakinsa.

Wannan gashin baki ya girmi auren Ambo. Kullum sai ya shafa masa man kwakwa, ya murɗe ƙarshensa sama. Duk miyar da zai sha sai ta fara bi ta cikinsa, kuma abin da ya maƙale a ciki da rana, da yamma yana nan. Ambo ya amsa a gaban kowa: "Na yarda."

"Kai dai ka sani," Luding ta ce, tana ƙara wa injin mai.

Ya nitse ta gefen dama, ya nitse ta hagu. Ya zura hannu a duk ramin da tsatsa ta ci. Ya fito da tsohon takalmi, da kwalba, da haƙoran roba na wani baƙo. Robar dai shiru.

Jajibirin biki ya yi nitson ƙarshe. Ya hango wani abu shuɗi a ƙarƙashin wani ƙarfe, ya kutsa da ƙarfi, ƙarfen ya kama masa wando. Ya ja, ƙarfen ya ja. Numfashi ya ƙare, dole ya bar wa Japanawa wandon. Abin shuɗin kuwa leda ce. Daidai lokacin da ya ɗago ba wando, wani jirgi cike da 'yan yawon buɗe ido ya iso, suka yi ta tafi, har sai da Luding ta jefa masa tawul.

Washegari ya shiga shagon Berting fuska a murtuke, ya zauna.

"Ka ci nasara, Ƙaguwa. Aske."

"Wace ƙaguwa kuma, Mang Ambo?" Berting ya ce. "Ni wayata ko hoto ba ta ɗauka."

"Munafuki. Aske kawai."

Aska ta wuce sau biyu. Ambo ya kalli madubi, ya ga wani baƙon mutum mai farin leɓe, ya rufe baki da hannu har gida.

Luding ta janye hannun, ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe haka bakinka yake," ta ce a hankali. Ta zuba masa miyar kifi, ta ƙara masa babban yanki, ta zauna tana kallo har ya shanye, ko ɗigo bai maƙale ba.

Da ya kwanta hutawa, sai ta zagaya bayan kicin, ta buɗe dandalin, ta goge lambobin jirgin, ta goge sunan Ƙaguwa. Dama babu robar da ta taɓa ɓoyewa a can, ita da ko iyo ba ta iya ba.