Ranar Tayar da Jar Mota

Shekara talatin ke nan da hana injin fetur a Kano, motoci sai sulalawa suke shiru. Sau ɗaya a shekara ake yarda a tayar da jar motar gidan tarihi, wadda ita kaɗai aka ƙera irinta, don nuni.

Bana ta ƙi tashi. Aka ɗauko Baba Tanko, tsohon bakanike.

"Sai turi," ya ce.

"Mene ne turi, Baba?" in ji shugabar gidan.

Ya shiga ya sa giya, manyan baƙi suka tattare riguna suka tura. Motar ta yi tari, ta yi ruri har ƙasa ta girgiza. Jama'a suka ɗau kabbara.

Baba Tanko ya karkata kunne, idonsa ya ciko.

"Fulogi ɗaya a injin ba ya cin wuta," ya ce. "Bayan raina, wa zai ji?"