Ruwan Ɗumi a Ramin Inji

Kai da ka cika mana gida da zargin mutanen waje, zauna ka ji. Wani mutum ne can wajen Yauri, yana da jirgin katako irin mai inji a ciki, da shi yake ƙetarar da 'yan kasuwa da buhunansu. Sai jirgin ya tsiro da wani hali: kafin a kai tsakiyar kogi ruwa ya taru a ramin inji, hannu ɗaya na tuƙi, ɗaya na kwarfa. Ya ce ai katako ne ya buɗe. Ya ja jirgin tudu, ya cusa tsumma a kowace mahaɗa, ya bi da kwalta har ƙasan ya yi baƙi ƙirin. Aka koma ruwa, jiya i yau. Ya je ya yi wa kafintan da ya ƙera jirgin tatas a bainar jama'a, ya dawo ya sake liƙewa. Ran nan ruwan ya malalo ƙarƙashin kaya, gishirin wata mata ya narke, mutanen tasha suka raɗa wa jirgin suna Rariya. Da ya sauko da safe sai ka ji ana cewa, "Mai Rariya, yau tankaɗe za a yi ko wanka?" Masu kaya suka riƙa wuce shi suna shiga jirgin gaba. Abincinsa ke nan yana tafiya yana kallo. Ya aro guduma, ya ce gobe zai ɓamɓare ƙasan jirgin gaba ɗaya ya sa sabo.

Da la'asar ya dawo kusan wayam, ya kashe inji, ya zauna a gajiye, ƙafarsa cikin ruwan ramin. Sai ya ji ɗumi. Sau nawa ruwan nan ya taɓa hannunsa, amma mai fushi ina ya ga ta jin ɗumi? Ya miƙa hannu ya taɓa kogi, sanyi ƙalau. Ya sake taɓa na ciki, kamar wanda aka sirka wa jariri. To wa ya ɗumama? Kogi dai ba shi da murhu. Sai kuma ya tuna: jirgin nan bisa ruwa yake kwana, ɗaure a turke, amma da safe ramin a bushe yake tarar da shi. In katako ne ya buɗe, ai ɓaraka ba ta barci. Wane irin yoyo ne wannan da ba ya tashi sai an tada inji?

Ya roƙi toka wurin mai suyar kifi, ya goge ramin tsaf, ya barbaɗa ko'ina, ya tada inji jirgin na ɗaure, ya tsuguna ya zuba ido. Jikin katako toka ta zauna a bushe, ko ɗigo babu. Can sai ga wani siririn zare baƙi ya ratso ta, kamar hanyar tururuwa. Ya bi shi da yatsa har bayan inji. Ashe injin ma shan ruwa yake: tiyo ɗaya na zuƙo kogi ya sanyaya masa jiki, wani na fitar da ruwan bayan ya ɗau zafi. Na fitarwar ya daɗe yana gogar ƙarfe, ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ya yanke wajen da wuƙa, ya mayar ya ɗaure. Guduma ta koma hannun mai ita ba ta taɓa katako ba, kafinta ya sha ban haƙuri da goro, masu kaya suka dawo, ko da yake har yau Rariya suke kiran jirgin. Kogin da ya yi ta toshe wa ƙofa ta waje, injinsa ne ke shigo da shi. Da ma an ce da ɗan gari akan ci gari.