Igiyar Baffa Ilu

Tun da aka kafa dokar taswira, babu jirgin da ke barin gaɓar Sawakin sai tauraron ɗan'adam ya auna zurfin ruwa da safe, Saude ta ofishin taswira ta sa hannu. Ita kuwa ba ta sa hannu sai ta fita a kwalekwale da ƙanin mahaifinta, Baffa Ilu, tsohon masunci, jikan Kanawan da hanyar Makka ta ajiye a nan.

Ranar, jirgin alhazai ɗari huɗu ke jiran izini. A mashigar da ke tsakanin duwatsun murjani, Saude ta duba allon na'urarta.

"Baffa, zurfin gaba bakwai taswira ta nuna. Mu koma, suna jira."

"Su jira."

Ya shafa kitse a gindin dalmar da ke bakin igiyarsa, ya sake ta cikin ruwa. Daga ƙulli zuwa ƙulli gaba guda ne, wato tsawon hannu biyu a buɗe. Uku suka nutse, igiya ta tsaya. Da ya jawo, sai ga ciyawa manne da kitsen.

"Kin gani? Ciyawa ta yi duhu, tauraron ya ɗauka zurfi ne. Da yau kin kifar da bayin Allah."

Nan take ta canja wa jirgin hanya, ta sa wa mashigar sunan Baffa a taswira.

Baffa ya goge dalmar. "Ina saurayi, jan murjani take ɗaukowa a nan."

Da jirgin ya wuce lafiya, Baffa ya gyara hularsa, ya miƙa mata igiyar.

"Ungo. Gobe ke za ki jefa."