Leƙen da Ya Cinye Aikin Bulus

Tun farin da aka yi a 1984, da Bulus ya ga mushen shanu zube a hanyar Takanamat, ya ƙudurta rubuta manhajar da za ta nuna rijiyoyin da ke shirin ƙafewa. Malamin lissafi ne a Tahoua. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ɗaya ce tak a ofishin aikin rijiyoyi, inda Bulus ke zuwa yin aikinsa; wani ma'aikaci, Magaji, ke riƙe da makullin ɗakinta.

Magaji ko inuwar Bulus ba ya son gani. Wai baƙo daga kudu, mai cin alli, shi shugaban ofis ke yabo!

Wata rana lissafin zurfin ruwa ya cije wa Bulus. Magaji ya miƙo masa faifai da murmushin mugunta.

"Ga asalin rubutun manhajar da anka sawo wurin kamfanin Turawa. Duba yadda gwanaye sunka yi."

"Ba an ce sai mai lasisi ba?"

"Kallo ɗai? Wa za shi sani?"

Bulus ya karanta, ya mayar, bai kwafi ko harafi ba. Amma da ya koma kan aikinsa, hanyar da ya gani ita ta riƙa zuwar masa, har ya ɗauka dabararsa ce.

Manhaja ta yi kyau, aka fara yaba ta. Sai ga wakilin kamfanin, Magaji ya riga ya raɗa masa. Aka jera rubutun biyu, sashe guda ya zo daidai, mataki bayan mataki.

"Wannan dabara tamu ce, da rajistarta," in ji wakilin.

"Sauran duk gumina ne!" in ji Bulus.

"Ka karanta namu ko ba ka karanta ba?"

Magaji ya yi caraf: "Gabana ya karanta shi."

Magana ta kai ga hafsan sojan da ke mulkin jihar, shi kuwa ba ya son rigima da Turawa, don su ke ba da agaji. Wa zai tsaya tantance nasa da nasu? Ya ce a goge duka. Bulus aka sa ya danna maɓallin gogewa da yatsansa, Magaji na tsaye a kansa. A makaranta kuwa ɗalibai suka laƙaba masa Malam Kwafi.

Da rani makiyaya suka kora dabbobi zuwa wata rijiya kusa da Affala, suka tarar da laka. Bulus ya riga ya san za ta ƙafe, amma wa ke sauraren ɓarawo?

Mai karatu, kafin ka buɗe rubutun manhajar wani, san abin da lasisinsa ya yarje maka. Abin da ka karanta yana iya shiga aikinka ba ka sani ba, ya ja maka asarar har wanda yake naka.